Hular fitila ta katako da ba ta zauna ba sai a karo na uku

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ma'aikacin ofis ne wanda ya shekara biyu yana yanke-yanken ado a katako a ranakun hutunsa, bai kuma taɓa zama a gaban wani kafinta ya koyi sana'ar ba. Abin da hannunsa ya saba da shi shi ne allunan suna da ƙananan siffofin tsuntsaye da ake ratayawa a bango, wato kaya masu fuska ɗaya, waɗanda ba su ɗaukar nauyi kuma ba su kusantar zafi. 'Yarsa da ke karatun dare ta yi kukan cewa fitilar teburinta tana kashe mata ido tun da hular yadin da ke kanta ta yage, shi kuwa sai ya ga dama ta samu ta yin wani abu mai amfani da injinsa. Ya ƙudurta cewa cikin mako biyu zai sassaƙa wa fitilar sabuwar hula ta katako mai huje-hujen ganye. Aikin ya ci mako tara.

Injin da ya yi amfani da shi shi ne zarton yankan ado, wanda a ido ya fi kama da keken ɗinki. Ruwan zartonsa siriri ne, tsawonsa santimita 13, ana ɗaure shi sama da ƙasa, yana kai-komo ta tsakiyar wani faifan ƙarfe daga kimanin sau 400 zuwa 1,600 a minti guda, gwargwadon yadda aka murɗa maɓallin gudu. Haƙoransa suna kallon ƙasa domin su riƙa danne katakon a kan faifan. Abin da ya bambanta shi da sauran zaratan shi ne ana iya kwance kan ruwan, a zura shi ta wata 'yar huda da aka yi a tsakiyar katako, a sake ɗaurewa, a yanke siffa a ciki ba tare da an taɓa gefe ba. A ƙarshen ƙarni na 19 irin wannan zarto mai takawa da ƙafa ya bazu a gidajen Ingila da Amurka, kuma har yau tsarin aikinsa bai sauya ba, injin lantarki ne kawai ya maye gurbin ƙafa. Nasa injin mai wuyan santimita 40 ne, ma'ana zai iya juya katakon da bai wuce wannan tsawo ba tsakanin ruwan zarto da ƙashin bayan injin.

Fitilar kuwa mai gindin ƙarfe ce, da holda, wato mazaunin da ake murɗa ƙwai a ciki, irin ta E27 mai zoben roba da ake murɗawa a riƙe hula, da tsohon ƙwan lantarki mai siririyar waya a ciki, na wat 60.

Mako na 1 da na 2: katakon fain da gadojin da suka karye

Ya fara da siffar akwati mai gefe huɗu, kowane gefe faɗinsa santimita 10, tsawonsa 20, daga falankin katakon fain mai kaurin milimita 6. Zanen da ya zaɓa reshe ne mai ganye masu yawa, huda kusan sittin a kowane gefe, kuma tsakanin huda da huda akwai siririn katakon da ke riƙe zanen, wanda a nan za a kira gada. Wasu daga cikin gadojin nan faɗinsu bai wuce milimita 2 ba.

Matsala ta farko ta zo tun kafin a fara yanka. Ruwan zarton da yake da shi mai 'yar ƙusa ne a kowane kai, kuma wannan ƙusa ba ta shiga huda sai mai faɗin milimita biyar zuwa shida, alhali ganyayyaki da dama a zanen ba su kai haka faɗi ba. Ya sayo ruwa marar ƙusa mai lamba 5 tare da 'yan maƙalan da ke riƙe shi, da wannan ya samu ya riƙa shiga ta hudar milimita ɗaya da rabi.

Matsala ta biyu ta fi ci masa rai. A gefe na farko gada bakwai suka karye, a na biyu biyar, wasu a ƙarƙashin zarto, wasu kuma lokacin da yake gugar su da samfefa. Da aka jera gutsattsarin a kan tebur sai aka ga dukkansu iri ɗaya ne: gadojin da suka kwanta a gicciye da jijiyar katakon su ne suka karye, waɗanda suka bi tsawon jijiyar kuwa ko ɗaya bai motsa ba, ko da sun fi sirantaka. Katako tamkar damin tsintsiya yake, yana da ƙarfi idan aka ja shi a tsaye, amma tsinke da tsinke ba su riƙe juna da wani ƙarfi sosai. Gadar da ta gicciye jijiya ba ta da tsinke ko ɗaya da ya ratsa ta daga wannan kai zuwa wancan. Fain kuma yana da layi mai taushi da layi mai tauri a jere, don haka ruwan zarto yakan yi gudu a mai taushin, ya cije a mai taurin, wannan fizga ita ke ƙarasa gadar.

Bai sauya katako ba a wannan mataki. Ya liƙe karyayyun da farin gam na katako, ya rage gudun injin, ya ƙarasa gefe huɗun a rana ta goma sha biyu. Ya haɗa su baki da baki da gam, ya kuma rufe saman da murfin katako domin kada haske ya bugi idon wanda ke tsaye.

Mako na 3: kwana huɗu a kunne

A daren farko hular ta ba kowa sha'awa, ganyayyaki suka bazu a bango da silin. Sai dai 'yar ta ce ba ta iya karatu da ita, domin ta kowace huda ana hango wayar ƙwan tana walƙiya, littafin kuma ya cika da dabbare-dabbaren inuwa. Ya yanko farar takardar rubutu ya liƙa daga ciki, abin ya yi sauƙi.

A dare na uku aka fara jin warin ɗumamammen katako, kuma hannu ba ya iya daɗewa a kan murfin. A dare na huɗu aka ji ƙara kamar an karya tsinke, da aka duba sai ga tsaga ta taso daga saman gefe guda ta gangaro kusan santimita bakwai, ɗaya daga cikin kusurwoyin kuma ta buɗe har ana iya zura farce. Takardar da ke daura da ƙwan ta koma ruwan ƙasa, tana ɓarewa idan aka taɓa. Nan take ya zare filogi, bai sake kunna wannan hula ba.

Awon da ya yi washegari ya bayyana dalili. Daga tsakiyar akwatin zuwa bango santimita 5 ne, ƙwan kuma faɗinsa santimita 6, saboda haka abin da ke tsakanin gilashi da takarda bai kai santimita 2 ba idan aka cire kaurin katako. Tsohon ƙwai mai waya yana mayar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha zuwa zafi, saman gilashinsa yakan wuce digiri 100, ga shi murfin ya toshe hanyar da iska mai zafi za ta bi ta fita. Zafin ya busar da fuskar ciki ta katakon fiye da ta waje. Katako idan ya bushe yakan tsuke a faɗinsa, a tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi, to murfin da aka liƙe a sama ya hana gefen tsukewa, dole ya tsage. Farin gam shi ma yana yin laushi idan ya ɗumama, shi ya sa kusurwar ta saki.

Mako na 4: komawa kan kwali

Wannan mako ko sau ɗaya bai kunna injin ba. Wani dattijon kafinta da ya kai wa tsagaggiyar hular ya jujjuya ta, ya leƙa ciki, sannan ya tambaye shi ko ya taɓa kunna ƙwai a cikin zanen kafin ya yanka shi a katako. Da ya ce a'a, dattijon ya ba shi shawarar ya fara yin hular da kwali tukuna.

Abu na farko da ya sauya shi ne ƙwan. Ya sa ƙwan LED na wat 9 mai farin gilashi marar shara-shara, wanda ke ba da haske kimanin luman 800, daidai da na tsohon mai wat 60, ya kuma zaɓi mai launin ɗumi na kelbin 2,700 domin ya dace da launin katako. Ko da duk wat taran nan sun zama zafi, ba su kai kashi ɗaya cikin shida na abin da tsohon ke fitarwa ba. Amma ƙwan LED yana tara ɗan zafinsa a wuya, inda kayan lantarkinsa suke, kuma idan aka kulle shi a wurin da iska ba ta ratsawa ba ya yin ƙarko. Saboda haka aka yanke shawarar barin sama da ƙasa a buɗe, iska mai sanyi ta shigo ta ƙasa, mai ɗumi ta fita ta sama.

Ya yi hulunan kwali uku a kwana biyar, yana huda su da reza, yana ɗora su a kan fitilar da dare na ɗan lokaci yana kallo daga kujerar da 'yar ke zama. Kwalin ya nuna masa abubuwan da takardar zane ba za ta taɓa nunawa ba. Ƙananan ganyayyakin da ya sha wahala a kansu ba a ma ganinsu daga nisan mita biyu, suna narkewa su zama tabo guda na haske. Hudar da faɗinta bai kai kaurin bangonta ba tana rufewa gaba ɗaya idan aka kalle ta daga gefe, domin kaurin bangon ne ke tare hasken, ya gane hakan ne da ya ninka kwalin ya kai milimita 6. Hasken karatu kuma ta ƙasan hular yake fitowa, huje-hujen gefe ado ne da ɗan haskaka ɗaki, don haka faɗin bakin ƙasa ya fi yawan huda muhimmanci ga mai littafi.

A ƙarshen makon ya tsaya a kan siffa mai gefe shida, kowane gefe faɗin santimita 12 da tsawon 24. A wannan siffa nisan tsakiya zuwa bango santimita 10 ne da 'yan kai, wato tsakanin gilashin ƙwai da bango akwai fiye da santimita 7. Ya sake zana reshen da huda 22 kacal a kowane gefe, babu gadar da ta gaza milimita 3, babu hudar da ta gaza milimita 5, ya kuma bar gefen santimita ɗaya da rabi babu huda a kewaye.

Mako na 5 da na 6: filawud, da yankan gami da ya karkace

Ya koma ga filawud ɗin Baltik mai kaurin milimita 3. Wannan filawud yana da falle uku da aka liƙe, jijiyar na tsakiya ta gicciye ta na waje biyun, saboda haka duk inda gada ta dosa akwai fallen da jijiyarsa ke riƙe ta, kuma ba ya tsukewa ko kumbura kamar falanki.

Gwajin farko a kan falle ɗaya bai yi kyau ba. Filawud ɗin ya yi wa zarton sirantaka, yana karkarwa a kan faifai, ruwan yana cin katako da sauri fiye da yadda hannu zai iya juyawa, ƙasan kuma ya fito da tsage-tsage kamar an ciccije shi. Ya ji cewa masu wannan aiki sukan tara falle da yawa su yanka gaba ɗaya, sai ya tara duk shidan, kaurin milimita 18, ya naɗe su da salatif, ya liƙa zanen a sama. Ya kwana huɗu yana yanka, wajen awa biyu kowace yamma.

Da ya kwance damin, gefen sama ya fito yadda aka zana, amma yana gangarawa gadoji suna ƙara sirancewa, har na ƙarshen ya zo da gadojin da ba su kai milimita 2 ba, uku ma sun rabu. A nan ya ɗora laifin a kan injin, har ya fara tunanin sayar da shi.

Gwaji ɗaya mai sauƙi ya warware zancen. Ya ɗauki guntun katako mai kaurin santimita biyu, ya ɗan shigar da zarto ya yi tsaga, ya kashe injin, ya zagayo da guntun ta bayan ruwan ba tare da ya kifa shi ba, ya gwada shigar da bayan ruwan cikin tsagar. Ya ƙi shiga daidai. Faifan injin ya karkace da kimanin digiri biyu, duk da cewa alamar da ke ƙarƙashinsa tana nuna sifili. A kan katakon milimita 6 da ya saba yanka, wannan karkata ba ta kai a lura da ita ba. A kan milimita 18 kuwa tana kai kusan kashi shida cikin goma na milimita, kuma da yake kowace huda yana zagaya ta ta hannu guda, kowace ta fito da ƙasa mai faɗi fiye da sama, gadar da ke tsakanin huda biyu ta yi asara ta ɓangarori biyu, fiye da milimita guda ke nan. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yana tura damin da ƙarfi yana kuma matsa shi gefe idan ya kauce wa layi, sai ruwan ya lanƙwashe a tsakiya kamar baka.

Gefe biyu na sama kawai suka tsira, su ma ya ajiye su gefe don kada zane ya bambanta. Ya daidaita faifan da ƙaramar sukwaya ta awon kusurwa har guntun gwajin ya shiga sumul, ya sake sabon dami, amma wannan karon biyu, kowanne falle uku, da wani fallen banza a ƙasa wanda zai sha tsagewar a madadin na kirki. Ya sa ruwa mai lamba 3 irin wanda 'yan haƙoransa na ƙasa ke kallon sama, waɗanda ke share bakin yankan daga ƙasa a lokacin da ruwan ke dawowa. Ya ɗaure ruwan har idan aka tura shi da yatsa ba ya gocewa fiye da milimita uku, idan aka ɗan taɓa shi kuma ya yi ƙara siririya kamar tsirkiya.

Akwai kuma halin ruwan zarto da ya daɗe yana faɗa da shi bai sani ba. Yawancin irin waɗannan ruwa ana fitar da haƙoransu ne ta yadda gefe guda ke da ɗan kaifi fiye da ɗayan, don haka ba su tafiya tsaye, suna jan yanka zuwa gefe. Maimakon ya matsa katakon ya tilasta ruwan, sai ya koyi karkata damin kaɗan ya bi son ruwan, yana juyawa a kan yatsa guda da ya kafa kusa da wurin yanka. A kusurwa mai tsini yakan daina turawa, ya juya katakon a wuri guda, sannan ya ci gaba. Ya fara da hudojin tsakiya ya fito waje domin katakon ya ci gaba da samun abin riƙewa, yana sauya ruwa da zarar ya ji sai ya ƙara ƙarfi kafin ya ci, domin gam ɗin da ke cikin filawud yana dakushe haƙora da wuri. Sau 44 ya kwance ruwa ya zura a huda, maimakon sau 132 da zai yi da falle-falle ya yanka. Ba a rasa gada ko ɗaya ba. Duk tsawon wannan aiki yana sanye da takunkumi, domin garin katakon da wannan zarto ke fitarwa mai laushi ne ƙwarai, kuma fuskar mai yanka tana dab da shi.

Mako na 7: bakuna goma sha biyu

Siffa mai gefe shida tana bukatar a fiƙe kowane baki a kan digiri 30. Ya karkata faifan injin zuwa 30 ya gwada yin fiƙar da zarton, amma siririn ruwa ba ya iya riƙe miƙaƙƙen layi na santimita 24, bakin ya fito yana 'yar rawa. Da ya jera gefe shidan ya naɗe su ba tare da gam ba, bakin farko da na ƙarshe suka ƙi haɗuwa a ciki, ko da yake sun taɓa juna a waje. Bakuna goma sha biyu ne, idan kowanne ya kauce da rabin digiri, jimillar ta zama digiri shida, kuma dukkanta a haɗin ƙarshe take taruwa.

Sa'ar da aka yi ita ce gefen da ya bari babu huda yana da sauran wurin gyara. Ya liƙa samfefa mai lamba 120 a kan wani shimfiɗaɗɗen allo, ya samu dattijon kafintan ya yanka masa gungumen katako a kan digiri 30 cif da babban injinsa, ya riƙa jingina kowane gefe a jikin gungumen yana gurzawa gaba da baya, yana ƙirga adadin gurzawa domin faɗin gefen ya zo ɗaya. Yamma biyu ya yi a kan wannan. Kowane gefe ya rasa kusan milimita guda a faɗi, amma da aka sake naɗewa suka rufe ruf.

Bakin filawud na milimita 3 da aka fiƙe bai kai milimita uku da rabi ba, wurin da gam zai kama kaɗan ne. Don haka ya yanka zobe biyu masu gefe shida daga filawud na milimita 6, faɗin jikinsu santimita ɗaya, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, su zama ƙashin da gefen za su jingina. Na ƙasan ya bar masa ƙafafu uku da suka haɗu a tsakiya a kan da'ira mai hudar milimita 40, inda holda za ta shiga a murɗa zoben roba a kai. Tsakanin ƙafafun fili ne na iska da haske. An tsara zaman wannan zobe santimita 4 daga bakin ƙasa, abin da ya sa kan ƙwan ya tsaya kimanin santimita 8 ƙasa da bakin sama, ta yadda wanda ke zaune ba zai hango shi ba.

Mako na 8 da na 9: guga, shafe da haɗawa

Ya goge fuskokin da samfefa mai lamba 220 a kwance a kan tebur, yana ɗora hannu a hankali. Cikin hudojin kuwa ya yanka samfefa siri-siri ya liƙa a tsinken katako ya bi su ɗaya bayan ɗaya, domin kwalin ya riga ya nuna masa cewa ɗan gashin katakon da ido ba ya gani da rana yana fitowa baƙi ƙirin idan haske na bayansa.

Gwajin banish da buroshi a kan ɗaya daga cikin tsofaffin gefen ya nuna yana taruwa a kusurwoyin huda ya daskare kamar hawaye. Sai ya koma ga na fesawa, shafi uku marasa kauri, gaba da baya daidai wa daida don kada gefe guda ya sha danshi fiye da ɗayan ya kantare, bayan ya rufe bakunan da za a sa wa gam da salatif ɗin takarda. Fuskar ciki ta zoben biyu ya shafa mata farin fenti domin ta mayar da haske.

Haɗawar kanta ba ta kai rabin awa ba. Ya kwantar da gefe shidan a jere, fuskar waje tana sama, baki na taɓa baki, ya bi kowace mahaɗa da salatif, ya kifa su gaba ɗaya, ya zizara gam a cikin kwarin da ke tsakaninsu, ya naɗe su a kan zoben biyu kamar tabarma, salatif ɗin ya zama shi ne matsi. Ya bar ta kwana guda. A ciki ya sa takarda mai kauri irin wadda ake yi don hular fitila, wadda ke tace haske, ya yanka ta gida shida ya liƙa kowanne ta gefe-gefe kawai domin a iya cirewa a sauya. Bai taɓa wayar fitilar ba, holda da makunni da filogi duk na asali ne.

A daren gwaji ya bar ta a kunne awa shida yana taɓawa kowace awa. Bangon bai wuce ɗumin hannu ba, idan aka ɗora tafi a saman bakin ana jin iska mai ɗan ɗumi tana tasowa.

Bayan wata shida

Fitilar tana aiki kusan awa uku zuwa huɗu kowane dare. Babu tsaga, babu kusurwar da ta saki, takardar ba ta sauya launi ba. Ƙura tana taruwa a bakin hudojin, ana share ta da busasshen buroshin fenti mai laushi. A mahaɗa guda akwai siririn layin haske na kimanin santimita uku kusa da sama, inda gurzawa ta ɗan zarce, ana ganinsa ne kawai idan fitila na kunne.

Abin da ya hana, da abin da ya sa ta yi

Idan aka bi matsalolin ɗaya bayan ɗaya, guda ce kawai ta fito daga injin, wato karkatar faifai, ita ma minti biyar na gyara ta ci. Sauran duk an riga an shuka su a takardar zane tun kafin zarto ya taɓa katako. Hular farko an tsara ta ne kamar alluna huɗu na bango da aka haɗa, mai ita yana kallon kyan ganye a kan tebur da rana, alhali hular fitila da dare ake amfani da ita, da zafi a cikinta, da haske a bayanta. A ganina makon da ya yi da kwali da reza shi ne ya ceci aikin, domin a nan ne ya juya tsarin: ya fara da ƙwai, ya ba shi fili da hanyar iska, ya duba inda idon mai karatu yake, daga nan ya fitar da girman hular, adon ya zo a ƙarshe ya zauna a gurbin da ya rage masa.

Sauya ƙwai zuwa LED shi ne mataki mafi girma wajen kawar da haɗarin gobara, kuma hular farko haɗari ce ta gaske, takarda da busasshen fain a ƙasa da santimita biyu daga gilashi mai zafi a ɗakin da yarinya ke iya yin barci ta bar ta a kunne. Duk da haka ba zan ce ƙwan kaɗai ya wadatar ba, domin holdar E27 tana karɓar kowane ƙwai mai irin wannan gindi, wata rana wani zai iya murɗa tsoho mai wat 60 a ciki ba tare da ya san tarihin hular ba. Tazarar santimita bakwai da buɗaɗɗen sama suna rage wannan haɗari, amma ba su ne izinin yin hakan ba, shi ya sa ya rubuta da alƙalami marar gogewa a ƙarƙashin zoben ƙasa cewa ƙwan LED kawai, kada ya wuce wat 10.

Filawud ya magance karyewar gada, amma da tsada ta wani fanni: bakinsa yana nuna layukan falle, kuma ba shi da kyan jijiyar falanki na gaske. Wanda ya nace sai falanki zai iya, muddin ya zaɓi katako mai tsukakkiyar jijiya, ya faɗaɗa gadojin da ke gicciye, ya kuma bar wa gefen damar motsi maimakon ya liƙe su da murfi. Tara falle shida a dami guda kuskuren gaggawa ne, uku ne iyakar abin da hannunsa da ruwa mai lamba 3 suka iya riƙewa a tsaye. Fiƙar baki kuwa tun farko ba aikin wannan zarto ba ne, da ya kai gefen an fiƙe su da babban inji kafin ya huda ko ganye ɗaya, da bai yi kasadar gurza aikin kwanaki a kan samfefa ba, da kuma layin hasken nan na santimita uku bai samu wurin fitowa ba.